Wuyan Rago a Teburin Likita

Babana mahauci ne. Shu'aibu sunansa. Teburinsa yana cikin 'yar kasuwar Nasarawo, bayan masu tattasai. Shekara talatin da wani abu yana ɗauko cinyar saniya a kafaɗa daga kwata, ya sauke, ya sara, ya auna. Wuyansa ya riga shi gajiya.

Da farko da safe kawai yake kama shi, rana na ɗagawa ya sake shi. Daga baya ya daina saki. Ya sauko kafaɗa, ya gangara tsakanin allunan baya. An yi ƙaho wajen wanzami, an shafa man zafi har gidanmu ya koma warinsa, an sha ƙwayoyi. Bara ya miƙo mini wuƙa ya ce, “Nuru, riƙe teburin.” Na gama sakandare shekara biyu ke nan, ban samu gurbin ci gaba ba. Na riƙe. Ban so ba, ban ƙi ba.

Barin tebur bai ci ransa sosai ba. Sallama ce take ci masa rai. In an idar da sallah kowa ya juyar da fuska dama, ya juyar hagu, shi ke nan. Baba ba ya iyawa. Sai ya juyo da ƙirjinsa gaba ɗaya kamar ƙofar shago, gwiwarsa ta bugi na kusa da shi. Liman ya faɗa masa ba komai, sallarsa ta yi. Ya ce ya sani.

“Na sani, Malam. Amma ni ina son in juya.”

Innata Delu ce ta matsa muka je asibiti. Wata maƙwabciyarmu ta gaya mata akwai sabuwar likita mai duba ciwon wuya da baya. Likita Amaka. Daga Inugu aka kawo ta, ba ta fi wata huɗu a Gombe ba, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa ba. Muna zama ta yi murmushi ta ce, “Sannu, Baba. Waya yana ciwo?”

Baba ya shafa aljihu. “Waya lafiyarta ƙalau, 'yata. Wuya ne.”

Akwai nas a ɗakin, Milisent, 'yar Kaltungo ce, Hausa a bakinta kamar tamu. Ta ce za ta yi tafinta. Baba ya ɗaga mata hannu.

“Bar shi. Ga ɗana nan, ya gama sakandare. Shi zai faɗa mini.”

Ya faɗi haka da ƙarfi, har na wajen ƙofa suka ji. Na sunkuyar da kai. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Aka yi masa hoto. Likita ta nuna mana a allo, ƙananan gaɓoɓin ƙashin wuya ta baya sun goge, suna cin juna. Sati na zagayowa ta yi masa allurar gwaji, ta zuba maganin kashe zafi daidai inda take zargi. Ta ce in ciwon ya ɗauke na 'yan awoyi, to ta gano wurin. Ya ɗauke kuwa. Ranar ina tebur, ban gani ba, amma Inna ta ce ya dawo daga la'asar yana ta waige-waige a tsakar gida kamar wanda ya yar da wani abu. Kafin magariba ciwon ya dawo wurin zamansa.

Muka koma. Likita ta ji labari, ta tafa hannu sau ɗaya, ta fara bayani. Ta yi magana ta kai minti uku, tana nuni da biro a bayan wuyanta. Na gane kusan duka. Amma ni ba mai yawan magana ba ne, kuma Baba ba ya son a ja masa zance. Sai na dunƙule minti ukun nan na mayar da su kalma bakwai.

“Ta ce za su kashe jijiyar wuyanka.”

Baba bai motsa ba. “Da me?”

“Da zafi. Ƙona ta za su yi.”

Ya gyara hularsa. Ya miƙe a hankali, ya juyo da ƙirjinsa wajen likita, ya ce, “Na gode, 'yata. Allah ya saka da alheri.” Ya fita. Likita ta kalle ni, na kalli ƙasa, na bi shi.

Muka hau keke. Duk ramin da muka faɗa sai ya runtse ido. Muna shiga gida Inna ta taso daga bakin murhu.

“Malam, me ta ce?”

“Tambayi ɗanki mai Turanci.”

Na maimaita. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati.

“Delu,” in ji Baba, “shekara talatin ina yanka. Kowace safiya. Na san abin da ke samun dabba idan an taɓa jijiyar wuya. Ba ta tashi.”

Sai a lokacin na gane abin da ya ji. Mahauci in ka ce masa jijiyar wuya, abu ɗaya yake gani: jannaye, manyan jijiyoyin jini biyu da ke gefen maƙogwaro, waɗanda wuƙa ke rabawa in an yi bisimilla.

“Baba, ba waccan ba ce.”

“Wacce ce?”

Na buɗe baki. Ba kalma. Turanci ya raba su, ta jini da sunanta, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi da nata, wadda ke kai saƙon ciwo da nata daban. Na haddace su duka don jarrabawa. Hausa ta zuba su a kwano ɗaya.

“Jijiya ce ko ba jijiya ba ce?”

“Jijiya ce.”

“A wuya take ko a ƙafa?”

“A wuya.”

“To.”

Ya shige ɗaki.

Washegari labari ya riga ni zuwa kasuwa. Kawu Uzairu, ƙanin Baba, teburinsa na jikin namu, naman rago yake sayarwa. Ina kwance igiyar rumfa ya ɗaga murya.

“Ga tafinta ya iso! Nuru, ashe kai ka je ka yi cinikin Yaya? A gaya wa likitar nan ta fuskantar da shi gabas, kada ta ɓata mana nama.”

Masu tattasai suka kwashe da dariya. Na ɗauki wuƙa na fara wasawa.

“Kai dai ba ka dariya,” in ji Kawu. “Tun kana goye haka fuskarka take, kamar an hana ka nono.”

Sati uku Baba bai yarda an ambaci asibiti ba. Ya koma man zafi. Barci ya gagare shi a kwance, sai a jingine. Ranar Juma'a ina sahun bayansa na ga ya juyo da ƙirji, gwiwarsa ta bugi wani dattijo, dattijon ya matsa gefe yana gyara riga. Baba ya daɗe a zaune bayan kowa ya tashi. Ni na jawo wannan, da kalma bakwai. Magani yana nan a asibiti, keke ɗaya ne tsakaninmu da shi, bakina ne ya tare hanya.

Na tono littafina na sakandare daga ƙasan akwati. Akwai zanen mutum a tsaye, an zare fatarsa, zare-zare sun bi jikinsa ko'ina. Na kai wa Baba. Ya riƙe shi nesa da fuska saboda ba ya iya sunkuyawa.

“Wa ya zana?”

“Ban sani ba. Turawa.”

“Ya taɓa feɗe rago?”

Ya miƙo mini abina.

Ranar Talata da hantsi Kawu Uzairu ya gama fasa rago, ya ajiye wuyan a gefe. Na tsaya ina kallonsa. Ga maƙogwaro, ga inda wuƙa ta bi, ga ƙasusuwan a jere ta baya kamar yadda na gani a allon likita.

“Kawu, ara mini wuyan nan.”

“Aro? Yau na ji sabon abu. Nama ake arowa?”

“Zan dawo da shi.”

“In ya dawo da wari kai za ka cinye shi ɗanye. Ɗauka.”

Na bar masa tebur na kai wuyan gida a baƙar leda. Na shimfiɗa shi a faranti gaban Baba. Na juya shi ta baya na fara tona da ɗan yatsa, ina neman abin da ban taɓa gani da idona ba. Na tona nan, na tona can. Kitse, tsoka, ƙashi. Baba yana kallona ta gefen ido.

“Ka gama ɓata wa Uzairu nama?”

“Tana nan, Baba. Siririya ce.”

“Kai ba likita ba ne. Mahaucin ma da saura.” Inna tana tsaye bakin ƙofa da ludayi a hannu. Can ya ce, “Ƙulle shi. Likitar ce za ta nuna mini. Da yatsanta.”

Muka tari keke.

Milisent ce ta fara ganinmu a bakin ɗakin likita. Ta dubi ledar, ta ɗan ja hanci.

“Baba, me ke cikin ledar nan?”

“Tambaya ce.”

“Tambayar tana ɗigar da jini a ƙasa.”

Ta shiga ta faɗa wa likita. Muka ji dariya daga ciki. Sai ga Likita Amaka da kanta ta buɗe ƙofa, ta sa an kawo farantin ƙarfe, ta zura safar hannu. Ta ce tunda ta fara aiki an kawo mata ƙwai, an kawo mata zabo, amma ba a taɓa kawo mata wuya babu mai shi ba. Na fassara wannan ma. Na riga na yi niyya tun a keke, yau ko tari ta yi sai na fassara.

Baba ya ɗora wuyan a faranti, maƙogwaro sama. Ya sa babban yatsa ya buɗa gefe.

“Ga ɗaya. Ga ɗaya. Su ne jijiyoyin wuya. Tambaye ta wacce za ta ƙona.”

Na tambaya. Na ƙara da cewa aikinsa ke nan, su yake yankewa kullum, kuma abin da na faɗa masa wancan karon ke nan da bakina.

Likita ta zaro ido. “A'a! Baba, a'a, a'a!” Wannan da Hausa ta faɗe shi. Ta kife wuyan, bayan ya dawo sama. Ta ɗauki ɗan ƙaramin hantsaki ta fara neman hanya tsakanin tsoka da ƙashi. Ta ce ita ba likitar dabbobi ba ce, a yi mata haƙuri. Ta ja nan, naman ya ƙi. Ta ja can.

Baba ya kasa daurewa. “Ba haka ake bi ba, 'yata. Kina yi masa gardama. Kawo.”

Ya kawar da hannunta, ya bi layin tsokar da farcensa, ya ɗaga ta a hankali, ta rabu da ƙashi ba tare da ta yage ba. Likita ta sunkuya. Ta sa bakin hantsakin ta ɗago wani abu fari, bai kai kaurin zaren ɗinki biyu ba, kwance a kwarin ƙashi kusa da gaɓa.

Baba bai iya sunkuyawa ba, sai na ɗaga masa farantin zuwa fuskarsa. Ya daɗe yana kallo.

“Wannan?”

“Irinta,” na ce, bayan likita ta yi magana. “Ta ce ta mutum ma kusan haka take.”

“Wannan ai ko suna ba ta da shi a kwata. Mu ba ma ganinta.”

Likita ta ci gaba, ni kuma ina bin ta jimla jimla. Babu jini a cikinta. Aikinta ɗaya, ta ɗauki saƙo daga gaɓar da ta goge ta kai wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ciwo, kamar wayar lantarki. Ba yanka za a yi ba. Allura ce za a zura ta baya, ana kallon hanyarta a hoto, bakin allurar ya yi zafi ya taɓa wurin, saƙo ya daina wucewa. Yana farke za a yi. Ita ce dai wadda aka sa wa magani ranar gwaji.

“Hannuna fa?”

Ta ce ta hannu daban take, babba ce, ta gaba take bi. Kafin a kunna zafi sai an gwada an tabbatar allura ba ta kusa da ita. Ta ce kowane aiki yana da nasa haɗari, ba za ta ce babu ba, wurin zai yi tsami na kwanaki, fata ma takan yi ɗan sanyi kamar ba taka ba. Kuma ƙashin da ya goge ya goge, wannan ba zai mayar da shi sabo ba. Sannan jijiyar takan sake tohowa, bayan wata tara, ko shekara, ko fiye. In ciwo ya dawo ana iya sakewa.

“Tohowa?” in ji Baba.

“Haka ta ce.”

“To lallai ba tawa ba ce. Wadda nake yankewa ba ta tohowa.” Ya ɗan yi murmushi, na farko cikin sati uku. “Ashe yarinyar nan gaskiya ta faɗa tun ranar farko. Waya ce ke ciwo.”

Milisent ta fashe da dariya, ta fassara wa likita kafin in buɗe baki.

Sai ya juyo da ƙirjinsa wajena.

“Duk wannan ta faɗa wancan karon?”

“Ta faɗa.”

“Kai kuma ka ce me?”

Na sauke farantin kan tebur.

“Shekara shida kana zuwa sakandare,” ya ce. Bai ƙarasa ba. Ya tura farantin gaban likita. “Gaya mata ta yi farfesu. Ta sa citta da yawa. Kuma ta ba mu rana.”

Da na koma kasuwa Kawu Uzairu ya miƙo hannu. “Ina wuyana?”

“An kwantar da shi a asibiti.”

Ya dube ni, ya dubi masu tattasai. “Jama'a ku shaida, Nuru ya yi barkwanci. Yau za a yi ruwa.”

Ranar Alhamis ta sama aka yi aikin. Ni a benci na zauna a waje, Milisent ce ta shiga da shi. Wannan karon bai ɗaga mata hannu ba. Bai cika awa ba ya fito da ƙafarsa, filasta uku a bayan wuya. A keke ya ba ni labari, shi da ba ya labari. An kwantar da shi rub da ciki. An tambaye shi ko hannunsa na motsi, ya ce a'a, sai dai yana jin kamar tururuwa na tafiya a wuyan. Daga nan ɗumi, da nauyi kamar an danna da babban yatsa.

“Na yi ta jiran warin babbaka,” ya ce. “Ban ji ba.”

Kwana goma na farko ba daɗi. Wurin ya yi tsami, ya ce an ƙona shi a banza, ya ce da ma ƙaho ya sake yi. Inna ta ce, “Malam, ai ta faɗa maka. Ko wannan ma Nuru bai fassara ba?” Na ɗauki bokiti na fita ɗibar ruwa.

A sati na uku ya fara kwana a kwance. Warin man zafi ya bar gidan. Ran nan sai ga shi a kasuwa da tsakar hantsi, ya jawo benci ya zauna bayan tebur. Likita ta hana shi ɗaukar cinya a kafaɗa har abada, ya ce ya ji. Bai taɓa wuƙa ba. Bakinsa dai ya yi aiki.

“Wa ya koya maka sara haƙarƙari haka? Kana tsoronsa ne?”

“Yaya, ka bar yaro,” in ji Kawu Uzairu. “Shi likita ne, a hankali yake fiɗa.”

Na ci gaba da sara. Na fi son wannan surutun da shirun da aka yi a gida.

Aka kira azahar. Muka rufe nama da gidan sauro, muka yi alwala a bakin famfo. Masallacin kasuwa ƙarami ne, sahu uku. Na saba tsayawa a baya. Ranar na kutsa na tsaya a hagunsa, kafaɗa da kafaɗa.

Ban san yadda raka'o'in nan huɗu suka wuce ba, Allah ya yafe mini. Muka zauna tahiya. Gwiwarsa tana jikin tawa, ina jiran ta buge ni. Liman ya yi sallama. Gwiwar ba ta motsa ba. Na ga ƙeyarsa, da tabon allura uku, ta juya dama a hankali, ba ta kai ƙarshe ba amma ta je. Sannan ta dawo. Gemunsa ya wuce saitin alƙibla, ya ci gaba, har fuskarsa ta iso kan tawa. Ƙirjinsa yana kallon gabas.

Muka haɗa ido. Ni ban ma yi tawa sallamar ba.

Na yi ta da sauri. Ya gama tasbihi, ya shafa addu'a, muka fito neman takalma. Yana zura ƙafa ya ce, ba tare da ya juyo da jiki ba, wuyan kawai ya karkato:

“A sallah kake kallon mutane?”

“A'a, Baba.”

“Na gan ka.” Ya gyara hula. “Wuce mu je, ƙuda sun samu nama.”